Majalisar Da Ta San Fanshon Gwamna Ba Ta San Tsohon Illela Ba

A daina gaya mana wai matsalarmu rashin doka ce. Dokoki suna nan jibge. An sa musu hannu, an ɗauki hoto, an sanar a rediyo. Abin da muka rasa shi ne mai tsayawa ya ga an yi aiki da su, kuma waɗanda aka zaɓa don wannan tsayuwar sun daɗe da samun wurin zama.

Kujeru 30 ne a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, ɗaya ta Illela ce. Aikin mai wannan kujera da abokan zamansa uku ne: su yi doka, su amince da kasafin kuɗi, su bi sawun kuɗin har inda aka ce za a kai shi. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba su ikon kiran kowane kwamishina da kowane shugaban hukuma, su zaunar da shi, su ce ya kawo takardu. Wannan iko yana hannunsu tun ranar da suka yi rantsuwa. Sau nawa aka yi amfani da shi saboda mai naƙudar Araba, ko tsohon Gidan Hamma, ko gurgun da ke bakin tasha?

Ku dubi garin da ake magana a kansa. Illela na bakin iyaka, kilomita sama da 80 arewa da birnin Sakkwato, tana kallon Birnin Ƙonni. Ran Lahadi kara takan cika da shanu da raƙuma da tumaki, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Gero da wake da albasa suna shiga suna fita. Kowace dabba an karɓi wani abu a kanta, kowace rumfa an yanka mata rasit, kowace mota ta ajiye nata. Garin da ke zuba kuɗi haka a aljihun hukuma ya wuce a ce yana roƙon alfarma. Haƙƙinsa yake bi.

To mu fara da lafiya, don nan ne sakaci yake zama gawa.

A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi kuma su kawo nasu kason. Manufar a sarari take: kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, da magani da ma'aikaci da wuta da ruwa. Mazaɓu 244 ne a jiharmu. Sashe na 20 na dokar ya hana a juya marar lafiyan da aka kawo cikin gaggawa, ko da sisi babu a aljihunsa.

A watan Mayun 2022 aka ƙara da dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Jihar Sakkwato tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA, tun zamanin gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, tana kuma da hukumar kula da lafiya a matakin farko.

Duk wannan a rubuce yake. Yanzu ku fita daga takarda ku shiga ƙauye da ƙarfe biyun dare.

Mace ta yini tana naƙuda, jini ya ɓalle. Ɗakin shan maganin garin a rufe yake, ko kuwa a buɗe amma ba ungozoma, ba fitila sai ta waya. A nemo ɗan kabu-kabu, a yi cinikin mai. In an kai babban asibiti aka ce abin ya fi ƙarfinsu, sai hanyar Sakkwato, asibitin ƙwararru ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin a taɓa ta an rubuto takarda: safar hannu, ƙarin ruwa, ledar jini, allura, duka a sayo a kemis. Miji ya fita neman wanda zai sayi akuyarsa da tsakar dare. Wa ke cikinmu bai san gidan da haka ta faru ba? Wa bai je irin wannan gaisuwar ba?

In ta cika sai mu ce kwana ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne, kuma ba mai tsallake ranarsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda aka ba amana ya yi barci a kanta ba. Wanda aka ware wa kuɗin magani bai saya ba, Allah zai tambaye shi, kuma kafin nan mu ma muna da ikon tambayarsa.

Alƙaluma ma ba su rufa wa kowa asiri ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato yara kusan 5 ne kawai cikin 100 suka sami cikakken rigakafin farko, mafi ƙaranci a duk Najeriya. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, ta sami kusan mutum 9 cikin 10 na jiharmu a ciki. Nan ma mu ne kan gaba. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita. Ku haɗa waɗannan ukun ku ga abin da suke nufi: wanda ya fi kowa talauci shi ake ce wa ya biya kafin a duba shi.

Majalisar da ta ji wannan ba ta girgiza ba, me zai girgiza ta?

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Tun daga nan duk shekara ana karanta mana adadi mai daɗin ji. Rubuta adadi a kasafi abu ne mai sauƙi. Nawa aka saki? Nawa ya isa Illela? Likita nawa ne ke kwana a ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum kimanin 150,000, wadda yau ta ninka ko ta kusa? Ungozoma nawa aka tura Kalmalo da Tozai da Damba, kuma nawa ne cikinsu suka nemi hanya aka maida su birni? Talaka nawa ne a Darna yake riƙe da katin inshorar da aka ce kyauta ne gare shi? Kwamitin lafiya na majalisa yana da ikon samun waɗannan amsoshi cikin mako guda. In ya samu, me ya hana a karanta wa jama'a? In bai nema ba, albashin me ake karɓa?

Abin da ya fi ciwo, mutanenmu kan tsallaka iyaka neman magani. Wasu Ƙonni, wasu har asibitin Galmi. Nijar ba ta kai mu arziki ba, kowa ya sani. Amma tun 2006 ta ayyana kyauta ga jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da fiɗar haihuwa. Tsarin nasu ya sha fama da jinkirin biyan asibitoci, gaskiya ne. Duk da haka, ɗan ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai tun 1958 ya canza nairarsa zuwa sefa don ya kai ɗansa asibitin maƙwabta, wannan abin kunya ne, kuma kunyar ba ta uban yaron ba ce.

Sai iyayenmu tsofaffi.

Sashe na 16 na kundin tsarin mulki ya ambaci kula da tsofaffi da marasa lafiya da naƙasassu cikin abin da hukuma za ta sa a gaba. Amma yana cikin babin da ba a kai ƙara kotu a kansa. Ma'ana, sai an yi masa doka ta musamman kafin ya zama haƙƙin da za a iya bi. Wannan aikin majalisa ne, ba na kowa ba. Tarayya ta yi dokar cibiyar kula da dattawa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Ofis ne a Abuja. Tsohon da ke kwance a zaure a Gidan Katta, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, bai taɓa jin sunanta ba, kuma ba zai ji ba sai jiha ta ɗauko abin ta kawo shi ƙofar gidansa.

Kada a ce ba ya yiwuwa. A 2011 Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata, ta kuma kafa abin da doka. Ekiti ba ta fi mu sanin darajar furfura ba.

Uzurin da ake kawowa kullum shi ne, mu Hausawa ba ma yar da iyayenmu, 'ya'ya ne ke riƙe su. Da haka ne, kuma har yanzu mafi yawa suna iyakar ƙoƙarinsu. Amma wane ɗa? Wanda 'yan bindiga suka kore shi daga gonarsa? Wanda ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa? Wanda ya tafi ci-rani Legas ko Agadas, shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba? Gabashin Sakkwato ya sha wuta, daga Sabon Birni da Isa zuwa Goronyo da Gada, Illela ma ta binne nata a harin Nuwamban 2021 da wasu bayansa. Gidan da ya kamata ya riƙe tsoho shi kansa ya watse. Wanda ke fakewa da al'ada don kada ya yi doka ya san da haka sarai.

Ku je ƙofar masallacin Juma'a ku ƙirga masu furfurar da ke miƙa hannu. Manoma ne da makiyaya da masaƙa da 'yan dako. Shekara hamsin suna ciyar da ƙasa. Ba su da fansho don ba su taɓa cika fom ɗin gwamnati ba. Wata tsohuwa yanar ido ce kawai ta rufe mata gani, aikin da likita ke gamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, amma za ta mutu tana lalube saboda kuɗin mota zuwa Sakkwato.

Waɗanda ma suka yi wa gwamnati aiki, malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi, sun san abin da ake kira jiran garatuti. Bashin ya taru har ya kai biliyoyin naira, gwamnatin jiha da bakinta ta faɗa, ta kuma ce tana rage shi. To a wane zauren aka zauna ana kallo har ya taru? Sashe na 210 na kundin tsarin mulki ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk bayan shekara 5. Wa ya tashi a majalisa ya ce an saɓa?

Yanzu ku saurari ɗaya gefen. A 2013 majalisar nan tamu ta yi dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu. Fanshon daidai yake da albashin wanda ke kan kujera. Jaridu da ƙungiyoyin sa ido sun sha ruwaito cewa dokar ta tanadi naira miliyan 200 ga tsohon gwamna da miliyan 180 ga mataimaki, a madadin gida da motoci da masu hidima, ana sabuntawa duk shekara huɗu. Mutumin da ya yi shekara huɗu ko takwas a ofis ke nan. Maƙwabciyarmu Zamfara ta soke irin wannan doka a Nuwamban 2019, cikin 'yan kwanaki, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ashe an san cewa tsufa na buƙatar tanadi. An san tsoho na buƙatar likita da abin hawa da mai yi masa hidima. An san yadda ake rubuta wannan a doka, sashe bayan sashe, ba a manta ko direba ba. An dai zaɓi tsohon da za a rubuta wa ne. Wannan shi ne munafuncin, kuma ba shi da wani suna.

In kuna son ƙarin shaida cewa majalisa na da sauri in ta ga dama, ku tuna 2024. A Afrilu aka sauke hakimai 15 a jihar. Zuwa tsakiyar shekara aka kawo gyaran dokar ƙananan hukumomi da ta shafi naɗin hakimai da dagatai, ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi karatu na ɗaya da na biyu, aka ji ra'ayin jama'a, aka zartar, Gwamna Ahmed Aliyu ya sa hannu a watan Yuli. Duka cikin 'yan makonni. Ba na shiga gardamar ko gyaran ya dace ko bai dace ba, wannan zance ne na wata rana. Saurin nake nuna muku. Maganar rawani ba ta kwana. Maganar ungozoma ta shekara goma tana jiran kwamiti.

Haka labarin yake ga 'yan uwanmu guragu da makafi da kurame da kutare.

A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna musu bambanci. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara duk ginin da jama'a ke shiga yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jiharmu ma tana da tata dokar da hukumarta.

To ku zaga da idonku, ba sai an ba ku labari ba. Ofisoshi, kotuna, makarantu, bankuna, har asibitoci: matakala ce ke fara tarbar mutum. Gurgu ya bar kekensa a waje ya ja jiki a ƙasa, ko a ɗauke shi caɗak gaban jama'a, magidanci mai 'ya'ya. Inda aka yi gangaren hawa, wani an yi shi a tsaye yadda ko mai ƙafa sai ya dafa. Kurma ta je awon ciki ba mai fassara mata, sai dai a yi ta nune-nune a rubuta magani bisa zato. Makaho ya je jefa ƙuri'a, wani ne zai dangwala masa. Sababbin gine-ginen da aka yi bayan dokar ma haka suke, kuma da kuɗin da majalisa ta amince aka gina su. Wa aka taɓa ci tara? Wane ɗan kwangila aka ce ya koma ya gyara kafin a biya shi?

Za a ce ai ana ba su alawus. Gaskiya ne, tun zamanin Aliyu Magatakarda Wamakko aka fara ba wasu naira 6,500 a wata, gwamnati mai ci ta ɗaga zuwa 10,000. Wanda ya fara da wanda ya ƙara sun yi abin kirki. Amma ku kai naira 10,000 kasuwar Illela ku ga tiya nawa ta gero za ta saya. Kuma alawus ba ya buɗe ƙofar aji. Yaron da shan inna ya kama yana da kai kamar na kowa, abin da yake so shi ne makarantar da zai iya shiga da aikin da zai iya nema. An ba shi abin sayen koko an rufe masa ƙofa, sa'an nan a dawo ana wa'azin hana bara.

Sai masu ƙaramin jari, waɗanda su ne ƙashin bayan garin: mai tireda, mai shayi, mai ƙosai, mahauci, dillalin kara, ɗan canji, tela, mai faci, matar da ke saƙa tabarma a cikin gida.

A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela kuwa a bakin iyakar take. Sai Disamban 2020 aka buɗe, Illela na cikin huɗun farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba aka shiga canjin kuɗi a farkon 2023, mai saniya yana tsaye ba mai tsabar biya. Ran 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. Ran 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙame iyaka har Maris ɗin 2024. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a buhu, jarin shekara ashirin ya narke cikin wata takwas.

Na san amsar: iyaka ta tarayya ce, ba ta jiha ba. Haka ne. Majalisar jiha ba ta buɗe iyaka. Amma harajin kasuwa na wa ne? Kuɗin rumfa da na kara da na tasha, wa ke da ikon dakatar da su? Me ya hana a yi dokar gaggawa a ɗage wa 'yan kasuwar bakin iyaka haraji har a buɗe? Me ya hana a kafa asusun bashi marar ruwa, a bi ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya? Jiha na da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i. Mutum nawa ta ɗaga a Illela a waɗannan watanni, kuma ta wace hanya aka zaɓe su? An bar mata da adashi, an bar maza da bashin 'yan uwa, mai rasit kuwa bai fasa fitowa ran Lahadi ba.

A 1998 aka yi dokar ƙasa da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Ku tambayi duk direban da ya ɗauko shanu daga Illela zuwa kudu sau nawa yake tsayawa, kuma nawa ne cikin abin da ya bayar aka ba shi takarda. Kuɗin nan ba daga aljihun direba yake fita ba. Ana zaftare shi daga farashin da za a ba makiyayi, a ɗora shi kan mai sayen nama. Kasuwar da ake tatsa haka kuwa, a tambayi masu zama cikinta wace inuwa, wane ruwan sha, wane makewayi suka gani a madadin kuɗinsu.

Kuma a ƙasar wa ake wannan? A Ƙonni kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zauna. A Maratta, kusa da Galmi, aka haife shi a 1754. Degel tana nan ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela. A Kitabul Farƙ, cikin laifuffukan da Shehu ya lissafa wa sarakunan zamaninsa har da ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba da ɗibar kayan 'yan kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido, ya kuma yi wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha cewa aikin shugaba ne ya raya masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Muna rubuta Cibiyar Daular Usmaniyya a lambar motocinmu. Duk taro sai an ambaci waɗannan bayin Allah. Wanda ya ambaci sunansu da safe ya sa hannu a kasafin da ya manta da makaho da rana, da wane ido zai dube su gobe ƙiyama?

Za a ce tsaro ya cinye kuɗi. Tsaro babbar matsala ce, ba mai musu. Amma tun da aka cire tallafin mai kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, gwamnoni da kansu sun shaida. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Rashin tsaro bai hana sayen motocin alfarma ba, bai hana tafiye-tafiyen bita ba. Me ya sa sai an zo kan maganin tsohuwa ake tunawa da shi?

Jama'a, yanzu gare ku, don ku ma kuna da kaso.

Mun maida ɗan majalisa mai raba shinkafar azumi da kuɗin suna. In ya zo gari mukan yi layi da buƙatun aljihu, kowa da takardar asibitinsa a hannu. Ya biya wa mutum biyar, a yi masa kirari, a manta da dubu biyar ɗin da dokar da bai bi sawunta ba za ta biya wa. Shi kuwa ya fi son haka, don kyauta tana sa a gode masa, haƙƙi kuwa yana sa a tuhume shi. Ranar zaɓe a ba matanmu taliya da sabulu da turmin atamfa, mu miƙa shekara huɗu. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan kwalin taliya ya sani cewa har da gadon asibitin matarsa ya haɗa a cinikin.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, kuna da mumbari duk Juma'a. Kuna yi mana wa'azin biyayya ga iyaye, kuma daidai ne. Ku haɗa da haƙƙin iyayen nan a kan masu riƙe da baitulmali. Iyayen ƙasa, ku kuka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Shugabannin 'yan kasuwa da na kara, sarkin makafi da sarkin guragu, ƙungiyoyin mata da na matasa, ku ne masu mutane. In kuka tafi Sakkwato tare da takarda ɗaya, ba mai iya barinku a bakin ƙofa.

Abin da za a nema ba ɓoyayye ba ne. A soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni ta 2013, a juya kuɗin zuwa asusun jinyar tsofaffi marasa galihu, a kafa asusun da doka yadda sabuwar gwamnati ba za ta share shi da sanarwa ba. Kwamitin lafiya ya zo Illela da ƙafarsa, ba tare da an yi shara an shafa fenti don zuwansa ba, ya shiga mazaɓa bayan mazaɓa, ya liƙa abin da ya gani a allon sakatariya da Hausa, boko da ajami. Kada a biya ɗan kwangilar da ya gina ginin gwamnati ba hanyar keken gurgu. A buga jerin harajin kasuwa da adadinsa a ƙofar kasuwa da ƙofar kara, duk wanda ya karɓi abin da ba ya cikin jerin a gurfanar da shi. A tanadi dokar da za ta ɗage haraji kai tsaye duk ranar da aka sake rufe iyaka, don ba mai tabbacin ba za a sake ba, balle yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Abuja. Duk suna cikin ikon mutum 30 da ke zama a zaure ɗaya a Sakkwato.

Za su dawo neman ƙuri'a, da masu ci da masu son hawa. In sun zo, ku bar su su gama gaisuwa, sa'an nan ku tambayi mai ci ƙuduri nawa ya gabatar da sunansa, ranar da ya tashi ya yi maganar asibitocin mazaɓarsa, da matsayinsa a kan dokar 2013. Mai son hawa kuma ya faɗi nasa matsayin a gaban shaidu, a naɗa a waya, a ajiye. Wanda ya kasa amsawa ya miƙo ambulan, ku maida masa abinsa.